Layin Alli a Bayan Rigar Tsinke

Tun yana saurayi ya sami sunan. Ranar da ya fara zuwa garejin gyaran tankokin ruwa neman aiki, tsohon mai garejin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce wannan tsinken idan iska ta taso da ƙarfi sai an je unguwar gaba an tsinto shi. Amma bai kore shi ba. Ya nuna masa wata tanka da ke tsaye, ya ce ya hau samanta ya shiga ta bakin. Ya hau, ya zura ƙafafu, ya sulale ciki kamar zare a kafar allura, ya sake fitowa ko rigarsa ba ta gogi ƙarfe ba. A ranar ya sami aiki, a ranar ya zama Tsinke.

Wanda bai san tankar ruwa ba zai ɗauka ƙatuwar ganga ce kawai aka ɗora wa mota. Ba haka ba ne. A cikinta akwai katangun ƙarfe da ke tare ruwan, don kada ya riƙa kai-kawo ya kifar da motar a kan kwana. Idan ɗaya ta tsage ko ta ɓalle, ba ta gyaruwa daga waje. Dole mutum ya shiga da kebur da sandunan walda da gilashin rufe fuska, kuma ƙofa ɗaya ce tak, baki ne zagayayye a sama, faɗinsa bai wuce murfin babbar tukunya ba. Ciki akwai duhu da zafi da hayaƙi. Ana zura tiyo daga fanka yana hura iska, a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, wani ya zauna a sama yana saurare. Masu walda sun cika gari, amma masu shiga ciki ba su kai a cika mota da su ba.

A bakin wannan aikin Tsinke ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya aurar da babbar, ya raka tsohon mai garejin makwancinsa, ɗan marigayin ya gaje kujerar. Ba mai yawan magana ba ne. Idan direba ya tsaya yana zuba bayanin abin da ke damun motarsa, Tsinke yakan bar shi yana yi, ya zagaya ya buga jikin tankar da guduma, ya kasa kunne. Ya fi yarda da ƙarar ƙarfe a kan bakin mutum. Inda ya liƙe kuwa, sai dai wani wurin ya tsage.

Ƙiba ba ta yi masa sallama ba. Wata shekara ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, ya yi watanni a kwance, ya tashi da ɗan nauyi. Ya koma aiki, nauyin bai koma inda ya fito ba. Shayi mai kauri da sukari da safe, burodi, lemon kwalba mai sanyi duk lokacin da zafin walda ya dafa shi, sai zama a kan kujera 'yar tsugunne daga safe har yamma. Sunan yana nan yadda yake, mai sunan ne ya bar shi a baya. Sababbin direbobi idan suka tambaya ina Tsinke aka nuna musu, sai sun sake tambaya. Shi ma yana dariya tare da su, don har lokacin yana shiga. Sai ya fesar da iskar cikinsa ya ɗan murɗa, amma yana shiga.

Ranar da abin ya faru ma ya shiga lafiya. Ya gama liƙe katangar tsakiya, ya miƙa kayan aiki sama, ya taka akwatin katakon da yake takawa, ya fitar da hannuwa da kai da ƙirji. Daga nan jikin ya tsaya. Ya yunƙura, akwatin ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya zama rabinsa a rana, rabinsa yana reto a cikin zafi. Hannuwansa ba su da ƙarfin ɗaga shi, komawa ƙasa kuma ta gagara. Yana haki, kuma duk numfashin da ya ja sai ƙarfen ya ƙara shaƙe shi. Abokan aiki suka kama hannuwansa suna ja, kullin igiyar ƙugunsa ya ƙara toshe wurin. Ya ji ƙafafunsa suna mutuwa, ya ga hasken rana yana komawa baƙi-baƙi. A nan ne ya fara tunanin cewa ashe a haka zai tafi, kamar toshiyar kwalba, mutane suna kallo.

Aka kira 'yan kwana-kwana. Cikin duk mutanen duniya, wanda ya fara hawowa tsanin ƙanin matarsa ne, wanda a gida ma Kwana-kwana ake ce masa. Bai yi dariya ba a lokacin. Ya sa almakashi ya yanke rigar aikin da igiyar, ya zuba sabulun ruwa a kewayen bakin, ya durƙusa daidai kunnen Tsinke yana ce masa ya daina jan iska, ya fitar, ya ƙara fitarwa, ya fitar har sai ya ji babu saura. Sannan suka ɗaga shi. Ya fito da fata a saɓule tun daga haƙarƙari har ƙugu.

Da ciwon ya warke, mai gareji ya kira shi ofis ya ba shi kujera. A hannun Tsinke ya koyi riƙe guduma, saboda haka da ladabi ya yi maganar, idonsa yana kan tebur.

"Baba Tsinke, ba zan iya ɗaukar alhakinka ba. Aikin ciki na gaba da ya zo, idan ba za ka shiga ka fito lafiya ba, zan nemo wani daga waje ya riƙe shi gaba ɗaya. Kai ka zauna a ƙasa, ga tsani, ga famfo, ga murafu. Ba wanda zai raina ka."

Tsani da famfo aikin sababbin shiga ne, dukansu sun sani. Tsinke ya tashi. Ya fita, ya ɗauki tef, ya hau wata tanka ya auna bakin daga ciki. Ya lanƙwasa rodi ya yi zobe daidai wannan faɗin, bai ƙara masa ko kaurin farce ba. Ya yi masa ƙafafu huɗu da za su kai shi tsayin ƙirji, ya liƙe, ya goge da garanda. Da yamma aka ɗora shi a bayan wata akori-kura zuwa gida.

Ɗaki da falo suke haya a saman bene. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ana shigo da abin a karkace, aka tura kujeru gefe, aka girke shi tsakanin firji da talabijin. Ta tambaya ko sabon teburi ne ba a gama ba. Ya ce bakin tanka ne. Ta daɗe tana kallonsa, ta koma kicin.

Tsinke ya san abu ɗaya game da narkarwa: inda kake so ya narke, nan kake kai wa wuta. Haka ƙarfe yake, haka ya ɗauka jiki ma yake. Ya samo tsohon tiyub na babbar mota ya tsaga, yana naɗe cikinsa da shi tamau don zafi ya taru a wurin. Sai ya kwanta a kan tabarma, ya saƙala ƙafafu a ƙarƙashin kujera, yana tashi zaune yana komawa, yana tashi yana komawa, har sai tumbin ya yi masa raɗaɗi. Idan ya kwance tiyub ɗin ya ga zufa tana zuba, sai ya ce ga shi nan yana narkewa. Ya yi makonni a haka. Abin da ya samu ciwon baya ne da ƙuraje. Idan ya shiga ƙarƙashin zoben ya miƙe, a wurin jiya yake tsayawa.

A haka Kwana-kwana ya same shi wata ranar hutunsa. Dariyar da ya haɗiye a saman tanka, ranar ya biya ta duka, har sai da ya zauna a hannun kujera yana share hawaye.

"Yaya, zo ki ga mijinki. An yi masa faci, saura a ba shi iska."

Tsinke ya ce idan ya gama ya sauka, ƙofa ba a rufe take ba. Ya bayyana masa dai, a taƙaice, maganar wuta da narkewa.

Kwana-kwana ya daina dariya. Ya ce, "Mijin yaya, tambaya ɗaya. Idan aka buɗe famfon bayan tanka, ruwan baya ne kawai yake raguwa?"

Tsinke da hannunsa yake yanka ƙofofin da ke gindin katangun, ya san ruwan gaba da na tsakiya da na baya tare suke sauka, ko ta ina aka buɗe.

Kwana-kwana ya ce to haka kitse yake, ba a zaɓar masa inda zai fita. Abin da ake nema a buɗe famfon sosai, wato a sa jiki duka aiki har zuciya ta riƙa bugawa, numfashi ya hau, a riƙe shi a haka na ɗan lokaci, kuma a rage abin da ake ɗurawa ta sama. Zufar tiyub ruwa ce, kofi ɗaya yake mayar da ita. Ya ce su a wurin aikinsu ba su da wasu injuna, da jikinsu suke yi, a fili kamar wannan falon. Amma sai da ya sa shi ya fara zuwa asibitin unguwa aka auna jininsa. Aka ce ya ɗan hau, ya yi amma ya bi a hankali, idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya.

Abin da ya koya masa zagaye ne, motsi bayan motsi ba zama a tsakani. A tsugunna kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a miƙe. Daga nan a dafa ƙasa a sauke ƙirji a ɗaga shi da ƙarfin hannu, da farko Tsinke yana yi da gwiwoyi a ƙasa. Daga nan gudu a wuri ɗaya, gwiwa tana tasowa sama. Daga nan rarrafe da hannu da ƙafa daga ƙofa zuwa taga a dawo, ba tare da gwiwa ta taɓa ƙasa ba. Daga nan a tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako. Sai a huta kaɗan, daidai a ce numfashi ya fara dawowa, a koma farko.

Zoben kuma ya ce a bar shi ƙarshe. Ya tuna masa cewa ranar nan ai ya shiga lafiya, fitowa ce ta gagara, lokacin da ya gaji yana haki. Saboda haka gwada zobe da sanyin jiki yaudarar kai ce. Sai ya gama zagayen duka, yana numfashi da ƙyar, sannan ya tsugunna a ƙarƙashi, ya fitar da hannuwa, ya ɗaga kansa ta ciki da ƙarfin damtse, ƙafa ba ta taimaka ba. Da yake abin yana tangal-tangal, sai wani ya taka ƙafafunsa. Duka suka juya suka dubi matar gidan.

Ranar farko ko zagaye ɗaya bai kai ba. A wajen rarrafe ya kife, kumatunsa a kan tabarma, zuciyarsa tana dukan kunnuwansa. Ba gajiyar ce ta tsorata shi ba, hakin ne. Irinsa ne na saman tanka, har ya ji kamar ƙarfen ya sake zagaye shi. Ya kwanta yana jiran duhun nan ya zo. Bai zo ba. Numfashin ya sauka da kansa, fankar silin tana juyawa, matarsa tana tsaye da kofin ruwa. Washegari da ya dawo daga masallaci da asuba ya sake shimfiɗa tabarmar.

Telan da ke haya a ƙarƙashinsu bai daɗe ba ya fara buga silin da sandar awonsa. Ya hawo ya ce ƙasa tana zubo masa a kan yadin mutane, idan rawa ake koyo a sama a gaya masa ya kawo ganga. Tsinke ya ba shi haƙuri, ya cire gudun, ya maye shi da hawa da saukar matakalar benen ba takalmi. Maƙwabta suka saba ganin ƙaton mutum da singileti yana hawa yana sauka da sassafe, ba ya amsa gaisuwa sai da hannu.

Jiki ya fara amsawa, amma ba ta inda aka kira shi ba. Fuska ce ta fara faɗawa. Wuyan riga ya yi sako-sako, agogo ya fara zamewa zuwa bayan hannu. A gareji ana ce masa ya rame, ana tambaya ko lafiya. Zagayen da ya kifar da shi yanzu yana maimaita shi, gwiwoyinsa sun bar ƙasa a wajen ɗaga ƙirji, yana hawa tsanin tanka ba ya tsayawa a tsakiya. Teɓar ce dai ta kafe. Ta ragu, amma ba yadda zoben yake so ba. Yakan wuce wani lokaci da murɗe-murɗe da gurzar fata, wani lokaci ya maƙale ya koma ƙasa.

Katangar da ta ɓalle tana da ƙara. Idan direba ya taka birki, ana jin ruwan ya tafi gaba ɗaya ya doki gaba, sai wani gwaram daga ciki. Tsinke ya fi kowa sanin wannan ƙarar, kuma yanzu ita yake saurare. Duk tankar da ta karyo kwana ta nufo ƙofar gareji, sai hannunsa ya tsaya, ya ɗaga gilashin fuska, ya kasa kunne har sai ta tsaya shiru. Idan aka ce famfo ne yake yoyo, sai ya sauke numfashi, kuma ya ji kunyar saukewar. Shi da a da yake fatan aikin ciki.

Ya bar lemon kwalba, ya rage burodi, ya ce a daina sa masa sukari a shayin filas da yake tafiya da shi. Shayin dai bai daina daɗi ba. Abincin dare kuma sai ƙara maiƙo yake, kwano yana ƙara tudu, idan ya ture sai a ce ai ɗan kaɗan ne ya rage, zubarwa za a yi? Ya ɗauka bakinsa ne. Wata safiya ya gama da matakala da wuri, ya leƙa kicin neman ruwa, ya tarar da matarsa tana juye cokali a filas, gwangwanin sukari a buɗe.

Ba ta ɓoye cokalin ba. Ta ajiye shi, ta shiga ɗaki, ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko wani abu a naɗe ta shimfiɗa masa a kan gado. Rigar aikinsa ce ta ranar nan, a yanke gida biyu, sabulu ya bushe a jikinta, ga jini a gefe. Ƙaninta ne ya kawo mata a leda.

"Baban yara, kullum ina taka maka ƙarfen nan, ina roƙon Allah kada ka wuce. Gara in gan ka da tumbi kana gyaran famfo, da a sake kawo mini riga."

Ya zauna a bakin gadon. Ya so ya yi faɗa, faɗan bai zo ba. Ya ce mata shi ma tsoron yake ji, ko barci ya yi sai ya ga bakin nan. Amma abu ɗaya ya iya a duniya wanda ba kowa ya iya ba, idan aka karɓe shi bai san wanda zai riƙa tashi da safe yana tafiya garejin ba. Ya ce kuma idan tana ƙara masa sukari, ba hana shi shiga take yi ba, don ranar da tanka ta zo zai shiga. Fitowar take hana shi.

Sai ta laluba aljihun rigar aikinsa ta yanzu da ke rataye, ta ciro allin da yake zana ƙarfe da shi. Ta fita falo ta goga shi a cikin zoben, zagaye ɗaya, har ya yi fari fat. Ta ce ita ba ta son jin "na wuce" daga bakinsa. Ya riƙa sa baƙar riga irin ta aiki idan zai gwada. Ranar da ya fito rigar ba alli, ta yarda ya shiga tanka. Tsinke ya ga maganar ta yi daidai da yadda shi ma yake gwada aiki, ya ce ya yarda.

Daga ranar shayi ya koma salam, miya ta rage ƙyalli, kwano ya sauka. Ita ce ma take ta da shi idan jiki ya yi nauyi. Layin allin da farko ɗamara yake yi masa, gaba da baya da gefuna. A hankali ya tsinke a gefen dama, ya tsinke a hagu. Na gaba ya daɗe, sannan ya koma ɗigo-ɗigo, ya ɓace da ya koyi fesar da iska duka kafin ya ɗaga. Na baya ne ya ƙi tafiya, wani guntu daidai saman ƙugu, kamar tsawon tafin hannu.

Guntun layin yana nan ranar da Tsinke ya ji ƙarar. Bayan azahar ce, wata tsohuwar tanka shuɗiya ta taka birki a bakin ƙofa, ruwa ya doki gaba, gwaram. Ba wanda ya dubi Tsinke, kuma da haka ya san kowa ya ji. Aka zubar da ruwan, aka buɗe murfi don ta sha iska ta bushe. Mai gareji ya zo ya tsaya kusa da shi yana juya waya a hannu. Ya ce direban ba zai iya jira ya wuce gobe ba, kuma yana da lambar wani. Ya tambaya ko ya kira shi. Tsinke ya ce ya mayar da wayarsa aljihu.

Da ya koma gida kafin magariba bai ɓoye wa matarsa ba. Ya ture kujeru, ya sa baƙar rigar, ya yi zagayen duk da na safe yana jikinsa, har numfashinsa yana fita da ƙara. Ta goga alli, ta taka ƙarfen. Ya shiga ƙarƙashi, ya fesar da iska, ya ɗaga. Ya fito a yunƙuri ɗaya. Ya cire rigar ya miƙa mata bai duba ba, don ya ji inda ta taɓa.

Ta juya bayan rigar. Layin yana nan, siriri, ya gajarta, amma yana nan.

"Ba haka muka yi ba," in ji ta.

"Ba haka muka yi ba," in ji shi.

"Kuma za ka shiga."

"Zan shiga."

Ta naɗe rigar a hannunta. Ta ce to ita ma za ta canja magana tunda ya canja: ƙaninta ne zai zauna a sama, ba wani ba, in ba haka ba da kanta za ta je garejin ta zauna a kan murfin. Tsinke ya san abin da za a ce, tsohon ma'aikaci ya zo aiki da mai ceto a gindinsa. Ya haɗiye, ya ce ta kira shi.

Da safe Kwana-kwana ya riga shi isa, cikin kayan gida, yana zaune a saman tankar ya ajiye robar sabulun ruwa a gefensa inda kowa zai gani. Ya ce ya zo da babba ce saboda girmamawa. Ya hana a ɗaura igiyar a ƙugu, ya ɗaura ta ta ƙarƙashin hammata, kullin a saman kafaɗa. Ya sa aka ɗaure akwatin katakon da waya don kada ya zame.

Shiga ba ta yi wuya ba. Duhu ya rufe shi, warin tsatsa da danshi, tiyo yana huci a gefen kunnensa. Ya rarrafa ta ƙofar gindin katanga zuwa gaba, ya lura gwiwoyinsa ba sa yi masa kuka kamar da. Tsagar doguwa ce, ta bi gefe ta sauka. Ya goge, ya ɗiga walda, ya fara jan ta a kan tsagar. Muddin wutar tana ci, hannunsa bai san tsoro ba. Daga sama lokaci-lokaci ana buga ƙarfe, shi ma ya buga, alamar yana nan.

Da ya gama ya miƙa kaya, ya tsaya a kan akwatin, ya ɗaga kai. Ga bakin can, farin zagaye, ƙarami kamar yadda yake tun ranar farko. Nan zuciyar ta tashi. Haki ya zo, irin wancan, rigarsa ta jiƙe ta manne, ya ji cikinsa yana kumbura da kowane numfashi. Ya ɗaga hannuwa zuwa bakin.

Kan Kwana-kwana ya tare hasken. A hankali ya ce, "Ba sauri. Ka gama zagaye ne, huta."

Tsinke ya sauke hannuwan. Ya san wannan hakin yanzu, kullum da asuba yana haɗuwa da shi a kan tabarma, ya san yana hawa ya kai ƙarshe ya sauko. Ya jingina goshi da ƙarfen, ya jira. Hakin ya sauko. Ya fitar da hannuwa, ya dafa gefen bakin, ya fesar da iska, ya ƙara fesarwa har babu saura, ya danna. Ƙirji ya wuce. Ciki ya wuce. Ƙarfen ya kama shi ta baya, daidai wurin nan, ya riƙe, ƙafafunsa sun riga sun bar akwatin. Bai ja numfashi ba. Ya ƙara dannawa da damtse, wani abu ya gurza, ya ji gwiwarsa a kan bayan tankar, rana tana dukansa.

Ba wanda ya yi tafi. Kwana-kwana ya ɗauki robar sabulunsa ya ce an yi masa asarar ranar hutu. Aka cika tankar, direba ya zagaya ya taka birki, ba ƙara. Mai gareji ya ce sannu da aiki Baba, ya ƙara da cewa kamfanin mai shuɗiyar yana da wasu irinta, duk tsofaffi, za su riƙa turowa. Tsinke ya gyaɗa kai. Ya sauka ya zauna a inuwa.

A gida matarsa ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, ƙaninta ya riga ya kira. Ta ce ya juya. A bayan rigar aikin, saman ƙugu, tsatsa ta ja layi ja, zaren wurin ya ɗan tashi. Ta sa yatsa ta bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Ta karɓi rigar, ba ta jefa ta cikin kayan wanki ba, ta rataye ta a ƙafar zoben, layin yana kallon falo.

Tsinke ya dubi rigar, ya dubi kwanon da ta ajiye masa, wanda bai fi na jiya tudu ba. Bakin tanka ba zai ƙara faɗi ba, jikinsa kuwa ya riga ya nuna masa abin da yake yi idan aka kau da kai. Ya ci, ya sha ruwa. Kafin ya wanke hannu ta riga ta ciro allin daga aljihu, tana goga wa zoben na gobe.